Bijimin Baffa Alu a Tirelar Ramalan

Duk wanda ya zauna a Rano shekarar zaɓe na biyu bayan dawowar farar hula, in ka ce masa Ramalan Ribas sai ya yi dariya tukuna kafin ya amsa maka. Sunan ya samo asali ne ranar sunan jikan Malam Ja'afaru mai albasa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an shafa fatiha, an fito da waina da miya, dattawa sun naɗe hannun riga. Sai ga Ramalan ya ɓullo daga gangare da akori-kurarsa, yana jan sabuwar 'yar tirela da mai walda ya haɗa masa, an maƙare ta da taki har ya yi tozo. Akwai hanyar baya da kowa yake bi in ya ɗauko taki. Ramalan ya ƙi ta, don so yake a ga tirela.

Ya ɗan wuce ƙofar gidan ke nan, daidai tsakiyar hawa, ya danna hon, ya saki sitiyari ya dunƙule hannu biyu yana jinjina wa dattawa. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya taka birki, birki ya ce bai san zancen ba. Tirela ta fara jan mota da baya, a hankali, kamar uwa ta kamo kunnen ɗanta daga wurin wasa, har ta karkace ta hau dakali ta juye. Takin nan, rabi kashin awaki rabi tokar bola, ya sauka a kan tabarma uku da faranti biyu na waina. Liman ya tsira da rawaninsa, takalmansa dai sai da aka sa shebur. Ba wanda ya ji ciwo. Malam Ja'afaru ya miƙe ya karkaɗe babbar rigarsa, ya dubi Ramalan da ke rungume da sitiyari, ya ce cikin sanyin murya, "Ramalan, a gona na ce ka kai mini."

Dariyar gari ba ta kashe mutum. Abin da ya biyo bayanta ne ya hana Ramalan sukuni. Bazara ce, ruwa na gab da sauka, kowa na neman mai kai masa taki gona, amma ba wanda ya ƙara sallama a zaurensa. Masu gona suka koma wa jakuna da amalanken shanu, wai su dai ba a taɓa ganin sun yi ribas da kaya ba. Masu albasa suka ɗauke ƙafa, masu hatsi suka bi su. Ga gida mai baki bakwai, duk a bayan motar nan suke ci.

Shi kuwa ba shi da wata sana'ar. Gonar gado da aka raba musu su tara, rabonsa bai fi wurin shanyar barkono ba. Ubansa mai jakuna ne, shi Ramalan a bayan jaki ya tashi, yana kai taki da mangala tun bai kai tsawon jakin ba. Daga nan ya koma amalanke, daga nan ya yi wa wani Alhaji tuƙi shekara shida tsakanin Rano da Kano, har shekarar da soja suka sauka ya sami wannan akori-kura, wadda ta riga ta ga jiya ta ga yau kafin ta zo hannunsa. Mutum ne mai zullumi. In hadari ya taso zai ce ƙanƙara ce, in bai taso ba zai ce fari ya zo. Hularsa ta koɗe a gefe ɗaya saboda cirewa da mayarwa. Kuma har yau bai yarda cewa mota ba dabba ba ce. Da safe sai ya shafa mata goshi. Mai kuwa galan ɗaya yake zuba mata, sauran ya ɓoye a jarka bayan kujera, wai jaki in ka zube masa harawar kwana uku a gabansa a yini ɗaya zai cinye, mota ma haka take, in ta ji tanki cike sai ta saki ciki. An yi masa bayani har an gaji. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun tuni, da karan dawa yake auna tanki.

Bayan abin da ya faru, sai ya koma yini a gindin bishiyar bakin tasha, inda taubashinsa Mukhtar yake gyaran mota. Shi Mukhtar shi ya raɗa masa Ribas, kuma tun da wasa ne na gado tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ba dama Ramalan ya yi fushi. A nan wani direban tarakta ɗan Madachi, Abdulganiyyu, da yake zuwa faci, ya dube shi wata rana ya ce laifin ba nasa ba ne, na inji ne. Injin fetur ba a yi shi don jan tirela ba. Gara ya cire shi ya sa na dizal, wanda mu nan gas muke ce masa.

Maganar nan ita ta cinye damina guda a gindin bishiya. Mukhtar, da yake injin fetur kaɗai ya iya, ya tsaya kai da fata. Ya ce fetur ɗan gari ne, kowa ya san halinsa. In ya ƙi tashi ka goge fulogi, in ya ƙi ka busa kafireto, in ya ƙi ka kira mutum uku su tura, dole ya tashi. Kayan gyaransa ko a teburin mai faci za ka samu. Gas kuwa baƙo ne mai tsada. Ranar da nozul ya toshe sai ka kwance shi ka hau mota zuwa Kano, ka kwana biyu kana jiran mai gyara ya ga dama. Da sanyin safiya sai ka lallashe shi kamar sabon ango. Ba ya tashi da turi, in batir ya mutu ka mutu. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga shi kullum kuɗinsa hawa yake yi.

Abdulganiyyu ba mai yawan magana ba ne, sai ya bari Mukhtar ya gama kumfar baki sannan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin tarakta mai fetur, ko babbar motar da take ɗauko siminti daga kudu. Ya ce fetur doki ne, in babu kaya zai wuce ka kamar iska, amma ƙarfinsa sai an zabure shi yake fitowa. Shi ya sa in ka zo hawa da tirela sai ka take totur har ƙasa, kuloci ya yi wari, lagireto ya tafasa, galan ya ƙare kana kallo. Gas kuwa bijimin noma ne, ƙarfinsa a ƙasa yake, tun yana tafiyar hawainiya yake ja, kuma galan ɗaya da kaya zai kai ka inda fetur sai ya sha ɗaya da rabi. Ya ƙara da cewa ranar da aka wayi gari gidajen mai sun rufe, 'yan acaɓa sun yi layi har kasuwa, mai gas ba ya cikin wannan kokawar sosai.

Ramalan in ya saurari Mukhtar sai ya ga gaskiyarsa. In Abdulganiyyu ya buɗe baki sai ya ga ai wannan ne mai gaskiya. Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida yana cire hula yana mayarwa, yana ba matarsa Saude labarin nozul da fulogi tana tuyar ƙuli-ƙuli, wanda a watannin nan shi ne yake riƙe da gidan. Ran nan ta ajiye matsami ta ce, "Baban Bushra, ka zaɓi ɗaya don Allah. Kullum ka kwana da fetur ka tashi da gas, tukunyar nan kuwa ba ta san ko ɗaya ba."

Sati bai zagayo ba ya sayar da jakinsa na ƙarshe, wanda ya ajiye don tuna ubansa, ya ɗora tsohon injin a motar haya ya nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ya dawo da wani baƙin inji na hannu, irin wanda ake cewa ɗan Beljiyam. Mukhtar ya rantse ba zai taɓa shi ba, sannan ya kwana huɗu a ƙarƙashin motar yana ɗaurawa yana tsaki, Abdulganiyyu na tsaye a kansa yana nuna masa. Ranar da aka tayar da shi kajin unguwa sai da suka haye katanga. Wata tsohuwa ta aiko da ƙwaryar masara, wai ta ji an kawo sabon injin niƙa.

Kafin Abdulganiyyu ya tafi ya ja Ramalan gefe ya yi masa kashedi biyu. Kada ya sayi gas a hannun ɗan bumburutun da bai sani ba, don suna sirka shi da kananzir. Na biyu, wanda ya fi, kada ya kuskura ya bar tanki ya yi ƙasa. Injin fetur in mai ya ƙare ka zuba ka tayar, shi ke nan. Wannan kuwa in ya zuƙi iska maimakon mai, ko Rano duka za ta fito ta tura ba zai tashi ba sai an fitar da iskar. Ya nuna masa tiyon da ake cirewa da notin da ake sassautawa. Ya kuma nuna masa ɗan famfon hannu da ke kan matatar mai, ya ce wannan ya mutu, ya sayi wani. Ramalan ya ce to, in sha Allahu. A ransa kuwa cewa ya yi direban tarakta man wani yake ƙonawa, ina zai san zafin cika tanki.

Sabon inji bai dawo da masu kaya ba. Kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuya, azumi ya kama, Ramalan na zaune. Ɗan abin da yake samu bai wuce buhu biyu uku a bayan mota ba, tirela kuwa tana jingine a bango awaki na kwana a ƙarƙashinta. Mukhtar ya bi gari yana cewa da ma da ƙaramin inji Ramalan ya yi waccan ɓarnar, yanzu da mai ƙarfi sai dai a kwashe gidajen gangare. Ramalan ya fara tunanin ko acaɓa zai koma, shi da furfura a gemu.

Ranar sha biyu ga azumi, ranar kasuwar Kibiya, da hantsi, ɗan acaɓa ya sauke wani dattijon Bafulatani a ƙofar gidansa. Baffa Alu ne, daga rugar da ke bayan Rurum, wanda tun zamanin jakuna suke sayen taki a mashekarinsa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya faɗi abin da ya kawo shi. Babban bijiminsa, kiwon shekara biyar, wanda yake shirin sayarwa ya sayi hatsin shekara, ya zame a kan dutse da asuba ya faɗa kwazazzabo. Ƙugu ya karye, kuma da alama wani abu ya fashe a ciki, don numfashinsa sama-sama yake. Ba zai kai yamma ba.

Kowa ya san dabba in ta mutu ba yanka ta zama mushe, sai ungulu da karnuka. Yanka shi a ruga kuma bai fi hakan da yawa ba. Tun da Shari'a ta zo mahauta suka ƙara tsauri, mutane ma suka ƙara tambaya, naman da aka yanko daga daji ba wanda zai taɓa shi, za a ce wa ya gani, wa ya sani ko bayan ta mutu aka sa wuƙa. Dole bijimin ya isa gaban mahautan Kibiya da ransa, su yanka da hannunsu a idon jama'a. Kuma dabbar da ba ta iya tsayuwa ba ta hawa bayan mota, sai tirela mai ƙasa-ƙasa.

"Ba na ɓoye maka, Kaɗo," in ji Baffa Alu. "Na je wurin mutum biyu kafin kai. Ɗaya ya tafi Kano, ɗaya ba shi da tirela."

Ramalan ya yi lissafi a ransa. In ya kai bijimin nan da rai, a gaban kasuwa guda, magana ta ƙare. In ya mutu a tirelarsa, gara ya sayar da motar ya bar garin. Ya kori awaki, ya ɗaura tirela, ya zura kara a tanki ya ga yatsa uku. Ya dubi jarkar da ke bayan kujera, cike take. Saude ta leƙo daga zaure ta ce ya juye mata duka mana. Ya ce yatsa uku ai ya kai Kibiya har ya yi saura, mata ba su san mota ba.

A ruga suka tarar da bijimin an jawo shi bakin gaɓa, fari tas, tozonsa kamar tulu, idonsa a buɗe yana kallon mutane. Ramalan ya kafa gindin tirela a gaɓar, maza takwas suka mirgina shi a kan buhuna suka ja shi ciki yana nishi. Baffa Alu ya hau ya zauna a wajen kansa, ya zare wuƙa daga kube ya ɗora a cinya. Haka ake yi. Mai dabba yana zaune da wuƙa tsirara har a isa, in ya ga rai zai fita ya riga shi.

Abin mamaki, injin nan ya yi abin da aka ce zai yi. Akwai wani rafi mai yashi da a da sai Ramalan ya sauke rabin kaya kafin ya ƙetare, yau a giya ta biyu ya ratsa shi yana gurnani, ko gezau. Suka bi ta gonakin dawa, suka haye tudu biyu, lagireto ko ɗumi bai yi ba. Ramalan ya fara jin wani abu mai kama da daɗi, ya yi maza ya kore shi don kada ya jawo wa kansa. Kowane rami ya shiga sai ya leƙa madubi ya ga ko hannun Baffa ya motsa.

Saura kaɗan su hau kwalta akwai wani dogon hawa mai tsakuwa, da kuka a samansa. Sun ci rabinsa sai muryar injin ta sauya. Ya yi kamar mai shaƙuwa, ya ɗan farfaɗo, ya sake yi, sannan ya yi shiru. Ɗan man da ke tanki ya gangara baya saboda hawan, bakin tiyo ya zauna a iska.

Motar ta fara sulalewa. Ramalan ya ja birkin hannu da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya bar ta a giya, ya diro ya cusa wani guntun gungume a bayan taya, wanda tun ranar sunan nan ya ɗaure shi da igiya a jikin motar yake yawo da shi. Ta tsaya. Ya ɗauko jarka ya juye duka a tanki, har da ɗigon ƙarshe, ya koma ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake murzawa. Wannan karon muryar batir ta yi ƙasa kamar ta mai jin barci. Ya saki makullin da sauri. Sai a sannan maganar Abdulganiyyu ta faɗo masa, duka, har da yadda ya ɗaga yatsa.

Rana ta take. Ba mota, ba acaɓa, azumi ya kora kowa inuwa. Wayar hannu a lokacin sai a birni. Ya zagayo baya ya tarar Baffa Alu ya tashi tsaye yana duban rana yana duban inuwar kuka, yana lissafin inda alƙibla take. Ya riga ya kama igiyar ƙaho yana juyo da wuyan. Bijimin kumfa ta fara fita a hancinsa, cikinsa na ɗagawa ya daɗe kafin ya sauka.

"In idonsa ya juya zan yanka," in ji Baffa, bai ko dube shi ba. "Ba zan tsaya ina kallo ya zama mushe ba."

"Ba ni ɗan lokaci, Baffa. Kamar a yi alwala a yi raka'a biyu."

Ya buɗe gaban mota, zafi ya bugi fuskarsa. Ya sami tiyon ya cire. Ya danna ɗan famfon hannu, ya danna, ya danna, kamar yana danna mataccen ƙwaro. Da ya saya tun ranar da aka ce ya saya. Saura hanya ɗaya, wadda kowane direba ya sani: ka sa baki a tiyo ka zuƙo man daga tanki har ya iso. Ya yi haka da fetur ya fi a ƙirga. Amma bai taɓa yi da azumi a bakinsa ba. Tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ko ɗaya ba, ko shekarar da ya yi shawara. Ga shi a watan nan duk lasifikar da ka wuce zancen kaffara take yi, kwana sittin a jere. Ya tsaya da tiyo a hannu yana kallon bakinsa.

"Baffa, in abu ya shiga baki bai wuce maƙogwaro ba fa?"

"Ni shanu na karanta," in ji Baffa Alu.

Bijimin ya yi wani dogon nishi. Ramalan ya yi bisimilla ya kafa baki. Zuƙar farko iska ce mai wari. Ta biyu ma haka. Ya toshe tiyon da babban yatsa ya numfasa, idonsa na ruwa, ya sake. A ta huɗu gas ya taho gaba ɗaya ya cika masa baki har dasashi. Ya toshe tiyo, ya sunkuya ya tofar, ya tofar, ya kakkaɓe harshe, yana riƙe da maƙogwaronsa kamar mai riƙe bakin buhu. Ya mayar da tiyon, ya sassauta notin da sifana, ya zagaya ya ɗan taɓa makulli kaɗan, yana tsoron batir. Ya dawo ya ga kumfa tana fita a gindin notin. Ya sake taɓawa. Kumfa ta ƙare, mai tsantsa ya tsarto. Ya ɗaure.

Ya zauna a kujera. A kunnensa abin da ya rage a batir bai fi murzawa ɗaya ba. A madubi ya ga Baffa ya durƙusa, gwiwa a kan wuyan bijimin, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Ramalan ya cire hula, bai mayar ba, ya murza makulli.

Injin ya juya da kyar sau ɗaya, sau biyu, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. A na uku ya kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tirela har Baffa ya yi tari.

Saura tashi a tsakiyar hawa da kaya, abin da ya kunyata shi a Rano. Ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali, yana jiran mutuwar da ya saba ji. Injin ya ƙara zurfin murya kawai, ya jingina da kayan kamar sa ya ji karkiya a wuya, ya fara tafiya. Gungumen ya biyo su yana tsalle a igiyarsa. Suka wuce kukar, suka hau kwalta.

Daga nan har Kibiya kan Ramalan a waje yake, yana tofi ta taga. Yawu ya taru ba dama ya haɗiye, don bai san wanne ne nasa wanne ne na inji ba. Leɓensa ya yi fari, harshensa na raɗaɗi. Rabin hankalinsa na madubi, rabi na maƙogwaro, yana tambayar kansa ko ɗazu da ya yi tari wani abu ya wuce.

Ana kiran azahar suka shiga kasuwa. Ya ratsa masu tumatir da masu barkono yana hon, har rumfar mahauta. Kafin ya kashe mota an kewaye tirelar. Babban mahauci, wani ƙaton mutum mai tsagar fuska, ya hau ya taɓa gefen idon bijimin da yatsa. Ido ya ƙifta. Ya murɗa wutsiya, ta motsa. Ya ɗaga kai ya ce jama'a su shaida, da ransa. Ba a tsaya sauke shi ba, a nan cikin tirela aka juya wuyan aka sa wuƙa. Jini ya yi tsartuwa har kan taya, ƙafafun gaba suka yi shure-shure. Baffa Alu ya mayar da tasa wuƙar kube ba ta taɓa komai ba, ya sauko ya zauna a ƙasa.

Da ya fara magana kuwa bai bar komai ba. Ya ba mahauta labarin rafin yashi, da hawan kuka, da yadda Kaɗon nan ya sa bakinsa a hanjin mota. Wani mai hatsi ɗan Madachi ya zagaya tirelar ya ƙwanƙwasa ƙarfenta, ya tambaya ko buhu nawa take ɗauka, ko jibi Ramalan yana da aiki. Wani ma ya ce in ya gama da wancan yana da dawa a gona. Ramalan na tsugune a inuwar motarsa yana amsawa da kai, yana tofi a gefe.

Mukhtar, da yake ranar kasuwa a tashar Kibiya yake yini saboda motocin haya, ya ratso taron da sifana a aljihu. Ya riga ya ji labari. Ya sunkuya ya shinshina bakin Ramalan, ya ja da baya yana fifita hanci, ya juya ga jama'a. Ya ce su zo su ga injin da ake ta yabo, injin da sai mai shi ya yi buɗa-baki da azahar yake tashi. Ya ce shi dai a shekara ashirin da ya yi yana gyaran fetur bai taɓa jawo wa kowa kaffara ba. Ya fara ƙirga kwana sittin a yatsunsa, yana cewa daga bayan salla har kusan Layya taubashinsa zai yi ta yi shi kaɗai, kowa na cin abinci. Mahauta suka yi ta dariya, har mai fiɗa ya dakata.

Ramalan ya bari dariyar ta lafa. Ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya ɗago.

"Zan tambayi liman da la'asar," ya ce. "Ni dai abin da ya shiga bakina na tofar, ga Baffa nan shaida. Kai kuwa wata shida kana cin namana a gindin bishiya, har cikin azumin nan, ban taɓa ganin ka tofar ba. Tashi mu tafi tare, kai za ka fara tambaya."